Gayyar rubutu

Ɗan'uwa mai karatu, ka san gayya. In gona ta fi ƙarfin mutum guda, sai a kira maƙwabta, kowa ya zo da hauyarshi, kafin azahar aiki ya ƙare. To, akwai wata gayya ta rubutu, ana ce mata wiki. Bari in ba ka labarin yadda na shiga cikinta, da kunyar da na sha.

Ni ban yi lakwal ba. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, da furfura a gemuna. Wata rana ɗana ya zo hutu daga Maraɗi, ya gwada mini Wikipedia cikin wayarshi. Babban littafi ne na intanet, kyauta ake karanta shi. Akwai shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa. A shekarar 2001 aka fara shi, amma dabarar ta girme shi. Wani Ba'amurke, Ward Cunningham, shi ya ƙago wiki na farko a 1995. Kalmar daga harshen mutanen tsibirin Hawai ta fito, ma'anarta sauri.

Na ce: "Wa ke rubuta wanga abu?"

Ya ce: "Baba, kowa. Har kai."

Sai muka nemi sunan garinmu. Layi biyu kaɗai muka tarar. Ya danna wurin gyara, ya miƙo mini waya. Na rubuta cewa kasuwarmu ta fi duk kasuwannin yankin girma. Na kwana ina murna.

Bayan kwana uku muka duba, maganata ta ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wane ne wanga da bai taɓa taka garinmu ba zai share mini magana?

Ɗana ya ce in yi haƙuri. Ya gwada mini cewa kowane shafi yana da tarihinshi. Duk gyaran da aka yi yana nan ajiye: wanda ya yi, da rana, da lokaci. In wani ya yi ɓarna, ana iya maido shafin yadda yake da. Akwai kuma shafin tattaunawa, kamar gindin itace inda ake zaman shawara. Can wanda ya share maganata ya bar mini tambaya cikin ladabi: ina hujja?

Na yi shiru. Gaskiya ban taɓa auna kasuwarmu da ta kowa ba. Son gari ne kawai ya kama hannuna. Ka ga ƙa'idarsu ke nan: abin da ka rubuta, ka faɗi littafi ko jarida ko takardar hukuma inda ka same shi. Jita-jita ba ta da wurin zama.

Sai muka sake. Muka sa yawan mutanen garinmu daga ƙidayar 2012, muka faɗi inda muka samo shi. Wannan ya zauna. Daga baya wani ya gyara mini lanƙwasar ƙ da ɗ da na manta. Wata ta ƙara hoton masallacinmu. Ban san su ba, ba su san ni ba, kuma ba wanda aka biya ko dala. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka ce duk abin da ke ciki daidai ne. Aikin mutane ne, akan yi kuskure. Duba hujjar da ke ƙasan shafi kafin ka yarda. Sai dai kuskuren littafin takarda yakan jira sabon bugu, na wiki kuwa yau ana iya gyara shi.

Jikokinmu cikin waya suke neman sani. In ba su tarar da shi da Hausa ba, da harshen wasu za su same shi. Kai da ka iya haɗa baƙi yanzu, gonar tana da faɗi. Ko layi ɗaya ne, zo da hauyarka, amma ka riƙo hujjarka.