Mun San Biyetnam, Satiru Fa?

A gidajen kallo na Gyadi-Gyadi da Tarauni yawancinmu muka fara jin sunan Biyetnam, kuma a fim ɗin Rambo ne: Bature ɗaya yana kakkaɓe 'yan ƙasa kamar ƙwari. Tarihi kuwa ba haka ya nuna ba. Mutanen nan su suka karya lagon sojojin Faransa a Dien Bien Phu a 1954, bayan sun ja manyan bindigogi da hannu zuwa kan duwatsu, suna jigilar shinkafa a kan kekuna. Amurka ta zo da jiragenta, ita ma ta kwashe sojojinta a 1973.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne namu labarin. Kwanaki na tambayi 'yan ajinmu ko sun san Satiru, wani ya ce, “A wace unguwa take?”

Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato. A Fabrairun 1906 talakawan garin, manoma da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, suka fito da fartanya da gatari suka kashe Turawa uku da sojojinsu sama da ashirin. Wata bai cika ba rundunar Lugga ta iso, aka kashe mutum wajen 2,000, aka ƙone garin ƙurmus. Dakarun sarakunanmu suna ɓangaren Turawa a ranar, ina jin shi ya sa ba a cika tayar da zancen ba. Sarkin Musulmi na lokacin ya tsine wa wurin, har yau kufai ne.