Makindye, Inda Ake Jinyar Wanda Asibiti Ya Sallama

Kampala birni ne na tuddai, kuma kusan kowane tudu akwai abin da aka san shi da shi. Mulago na babban asibitin ƙasa ne, Makerere na jami'a, Kibuli na masallaci. Makindye, a kudancin gari, da barikin soja aka fi saninsa. Ni kuwa abin da ya kai ni can wani gida ne mai suna Hospice Africa Uganda, inda ake kula da mutanen da likita ya riga ya ce ciwonsu ba na warkewa ba ne, galibinsu masu ciwon daji.

Tambaya ɗaya na tafi da ita. Asibiti ana yabonsa ne da yawan waɗanda suka shiga a kwance suka fito da ƙafarsu. To wurin da kusan duk wanda aka rubuta sunansa a littafi tafiya zai yi, da me za a gane yana aiki mai kyau ko yana cin amanar mutane?

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ban tarar da jerin gadaje ba. Akwai ɗakunan duba masu iya zuwa da kansu, akwai azuzuwan koyarwa, akwai ɗakin haɗa magani, amma ainihin jinyar a gidajen mutane ake yin ta. Da safe ma'aikata sukan zauna su bi sunayen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, wane ya kwana da ciwo, wance maganinta ya kusa ƙarewa, sannan su ɗauki jakunkuna su shiga mota su nufi unguwanni. An tsara haka ne da gangan. Gado a asibiti tsada gare shi, kuma mutumin Yuganda, kamar namu, ya fi son ajali ya same shi a ɗakinsa, 'ya'yansa na kusa.

Wadda ta kafa wurin a 1993 wata likita ce 'yar Libaful ta Ingila, Anne Merriman, kuma ba baƙuwar Nijeriya ba ce, don ta yi shekaru tana aikin asibitin mishan a kudu maso gabashin ƙasarmu tun tana matashiya. Daga baya ta yi aiki a Singafo, sannan ta zo Nairobi a 1990, kafin ta sauka Kampala a lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗibar mutane babu magani. Tafarkin da ta biyo na Cicely Saunders ne, wadda ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa ciwon mai barin duniya ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai tunanin iyali, akwai abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Merriman ta rasu a Kampala a 2025 tana da shekara 90. Wurin yana da rassa biyu, a Mbarara da Hoima, tun 1998.

Ƙashin bayan aikin duka wani ruwan magani ne. Mofin, wanda ake samu daga tsiron da ake yin ofiyom da shi, shi ne maganin da ya fi kowane kashe matsanancin ciwo, kuma garinsa ba shi da tsada. Abin da ke sa shi tsada shi ne mai da shi allura ko ƙwaya a kamfanonin waje. Merriman ta nemi gwamnatin Yuganda ta yarda a shigo da garin kafin ta fara aiki, aka kuma yarda. Sai ta riƙa auna shi tana narkar da shi a ruwa mai tsabta, da ɗan sinadarin hana lalacewa da launin abinci, ana ɗurawa a robobin ruwan sha da aka wanke. Yau aikin ya zama na ƙaramar masana'anta a cikin harabar, da injina da ma'aikata masu rufe kai da baki, kuma daga nan ake raba shi zuwa asibitocin ƙasar ta rumbunan magani. Gwamnati ke biya, mara lafiya kyauta yake karɓa. Launin ma ba ado ba ne: kore shi ne mai sauƙi, ja mai ƙarfi, don kada tsohuwar da ba ta karatu ko jikanta su rikita su.

A 2004 Yuganda ta yi abin da ba a taɓa yi ba a Afirka: ta ba nas-nas da jami'an lafiya da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin da kansu. A ƙasar da ƙauyuka da yawa ba sa ganin likita, dokar da ta ce sai likita kaɗai zai rubuta magani tamkar hana maganin ne baki ɗaya. A ganina wannan doka ta fi kowane gini da aka yi a Makindye daraja.

Na bi wata nas zuwa wani gida a bayan gari, ta hanyar jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, 'yan acaɓa na gilmawa ta ko'ina. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, ayabar dafawa a jingine a bakin ƙofa. Matar da muka je gani dattijuwa ce mai sankarar mama da ta fashe. 'Yarta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, yadda matan Baganda ke yi, yadda mu ma muke yi wa manya. Nas ɗin ba ta tsaya a kanta ba. Ta nemi tabarma ta zauna daidai da fuskar mara lafiyar, ta kira ta da kaka, ta tambayi jikoki, kafin ta zo kan ciwo. Sai ta ɗaga hannunta ta buɗe yatsu. Dunƙulallen hannu babu ciwo ke nan, yatsa biyar kuwa ciwon da ya wuce misali. Tsohuwar ta ɗaga biyu. A takardar da ke hannun nas, ranar da aka fara zuwa, biyar aka rubuta.

Daga nan ta juya ga 'yar. Ta sa ta ɗauko kwalbar koren maganin da sirinjin da ba shi da allura, ta ce ta zuƙo adadin da take ba uwarta a gabanta, ta gani da idonta. Ta duba abin da ya rage a kwalbar ta gwada da kwanakin da suka wuce. Ta tambayi lokutan da ake bayarwa. A nan ne na fahimci wani abu da yawancinmu ba mu sani ba: ba a jiran sai ciwo ya taso a ba da maganin. Bisa agogo ake bayarwa, duk bayan awa huɗu, ko mara lafiya na dariya a lokacin, da daddare kuma a ninka don ya samu ya yi barci har asuba. Idan aka bari ciwon ya dawo, sai an ƙara yawan magani kafin a danne shi, kuma mutum zai wuni yana jiran dawowarsa cikin fargaba. Ta kuma tambayi rabon tsohuwar da bayan gida, don mofin yana ɗaure ciki, kuma duk ma'aikacin da ya ba da shi bai haɗa da maganin sassauta ciki ba, ya cire wahala ɗaya ya sa wata.

Sai gyambon. Wanda bai taɓa zama ɗaki ɗaya da sankarar da ta fashe ba, ba zai gane yadda warinta ke korar mutane ba. Maƙwabta su daina leƙowa, jikoki su koma cin abinci a waje, mara lafiya kuma yana gani, yana sane da dalili. Nas ɗin ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta ɗauko ƙwayoyin Flagyl, wannan dai da muke sha in ciki ya ɓaci, waɗanda aka daka suka zama gari, ta barbaɗa a kai, ta rufe da tsumma mai tsabta. Ƙwayoyin cutar da ke kawo warin su yake kashewa, cikin 'yan kwanaki ɗaki ya zaunu. 'Yar ta riga ta iya, ita ke yi kullum. Yayin da muke zaune wata maƙwabciya ta shigo da yaro a goye ta zauna a bakin gado ana hira, ba ta toshe hanci ba. Da za a ce in kawo shaida ɗaya tak cewa wannan gida ana yi masa aiki mai kyau, da zaman matar nan zan kawo.

Su kansu masu wannan aiki ba su bar awon ga ganin ido ba. Ƙungiyar masu irin wannan jinya ta Afirka, wadda hedikwatarta ke Kampala, ta fitar da ma'auni mai tambayoyi goma, bakwai ga mara lafiya, uku ga iyalinsa, kowace ana ba ta maki daga sifili zuwa biyar. Ta farko kan ciwo ce, ta biyu kan sauran damuwar jiki irin su amai da tari. Sauran sun bar jiki: ko yana cikin damuwa, ko ya samu wanda zai faɗa wa abin da ke ransa, ko yana jin rayuwarsa na da amfani, ko zuciyarsa a kwance take, ko an taimaka wa iyalinsa su shirya wa abin da ke tafe. Iyali kuma ana tambayarsu ko an yi musu bayani, da ko suna jin za su iya jinyar. Ana maimaita tambayoyin a ziyara ta gaba a ga ko makin ya motsa. Abin da ya burge ni shi ne wanda ke kwance shi ke ba da makin, ba mai farar riga ba.

Tambayar shirin abin da ke tafe ita ta fi tsaya mini a rai, don ba ta amsuwa sai an faɗa wa mutum gaskiya. A can ma, kamar a nan, dangi sukan ja ma'aikaci gefe su roƙe shi kada ya faɗa. Ma'aikatan ba sa dankara wa mutum labari, amma ba sa yi masa ƙarya. Sukan tambaye shi me ya fahimta game da ciwonsa, me yake so ya sani, su bi shi a hankali gwargwadon yadda ya buɗe ƙofa. Na yi jinyar gwaggona a wani asibiti a arewa, aka ce mu tafi da ita gida mu ci gaba da addu'a, aka haɗa mu da farasitamol. Addu'a mun yi. Amma makonninta na ƙarshe cikin nishi ta yi su, ba ta iya tsayar da hankali ta yi salla ko a kwance ba, balle ta faɗi wanda take bi da wanda ke binta. Mu da addininmu ya ɗora wa wasiyya da biyan bashi da neman yafiya nauyi, muke fatan cikawa da kalmar shahada, ya kamata mu fi kowa damuwa da a ce mai jinya yana cikin hayyacinsa, ciwo bai cinye shi ba. Haƙuri da jarrabawa gaskiya ne, amma ba a hana neman magani ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma shi na fara faɗa. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron na da tushe. Sai dai ruwan mofin ɗin Yuganda tsinkakke ne, na sha ne ba na allura ba, ana rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka ba, nas na auna ragowar a kowace ziyara, kuma ana karɓe abin da ya saura in mara lafiya ya rasu. Fiye da shekara talatin ke nan ana wannan tsari bai zama annoba ba. Mu kuma mun wayi gari ƙwaya ta cika tasha da bakin kasuwa, mai sankara a gadon asibiti ya rasa abin da zai kwantar masa da ciwo. Wani awo da sashen bincike na mujallar Economist ya yi a 2015 kan kula da masu barin duniya a ƙasashe 80 ya sa Birtaniya ta ɗaya, Yuganda ta 35, Nijeriya ta 77. Ba arziki Yuganda ta fi mu ba. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashen irin wannan jinya tun 2007, abin da ya nuna ba abin da ya gagare mu ba ne.

Ba zan ce komai lafiya lau ba. Mota tana da iyakar inda take kaiwa, wanda ke nesa da Kampala ko Mbarara ko Hoima sai ya dogara da asibitin gundumarsa, kuma samun magani a rumbu daban, samun ma'aikacin da ya iya ba da shi daban. Masu buƙata sun ninka waɗanda ake kaiwa gare su nesa ba kusa ba. Da yawa kuma ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu, bayan an sayar da gona da awaki wajen neman waraka. Ciwon daji da dama da an kama su da wuri da an warke, ga shi a 2016 injin ƙona sankara guda ɗaya da ƙasar ke da shi a Mulago ya lalace, sai a 2018 aka kafa sabo. Kyakkyawar jinyar ƙarshe ba ta wanke gwamnati daga wannan.

Akwai kuma maganar kuɗi. Maganin gwamnati ke biya, amma albashin nas, da man mota, da ɗan garin masara da wake da ake kai wa gidan da ba a ɗora tukunya ba, duk daga gudummawar masu taimako suke fitowa, mafi yawa daga ƙasashen waje. Duk shekarar da hannun masu bayarwa ya yi sanyi, ziyara ce ke raguwa, kuma mutanen da abin ke shafa ba su da ƙarfin zuwa ofis su yi ƙorafi. Wurin yana koyar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, har da masu magana da Faransanci, wasu darussan tare da jami'ar Makerere, yana kuma horar da 'yan sa-kai a unguwanni waɗanda ke nemo marasa lafiyar da aka ɓoye a ɗaka su sanar da nas. Tsohuwar da muka ziyarta ma ɗaya daga cikinsu ce ta gano ta, bayan ta yi watanni a kwance ba wanda ya san akwai magani.