Kunnen Tsufa

A Maiduguri, idan an gaida dattijo bai amsa ba, sai a ce girman kai ne, ko kuma ya fara ruɗewa. Sau da yawa kunnensa ne kawai ya yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na fama da raunin ji mai hana su walwala.

Ni da nake koyar da harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda jin yake tafiya. Siraran sautuka, irin su "s", "sh" da "f", su ne ke fara ɓacewa, wasula kuwa su daɗe. Kawuna da ke Gwange yana jin muryar jikarsa sarai, amma ba ya rarrabe "sara" da "shara" ko "fara". Yakan ce, "Na ji ki, 'yata, sai dai ban gane ba." Sannu a hankali ya daina zuwa majalisa, don gudun amsa abin da ba a tambaye shi ba. Wannan kaɗaicin, a ganina, ya fi ciwon muni.

Ƙwayoyin ji na can cikin kunne, idan sun mutu, ba sa farfaɗowa, kuma ƙarar janareta da injin niƙa na gaggauta mutuwarsu. Ihu ba ya taimakawa. A fuskanci tsohon, a yi magana dalla-dalla. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro, inda ake auna ji.