Karkarwar da Ba a Jin Ta a Cikin Ganuwa

A cikin Birnin Zazzau mota ba ta samun sararin faɗin ciwonta. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, tsakanin 'yan acaɓa da Keke Napep, da wuya direba ya wuce giya ta uku. Shi ya sa Hilux ɗin da ke lafiya lau a Kwarbai take soma ɓari da zarar ta hau hanyar Kano, allura ta kai kilomita 80. A kai ta gareji, a zaga da ita unguwa, a ce ba a ji komai ba, ko a ce a sake tayoyi.

Shekarun da na yi ina jigilar kayan gona da irin wannan mota mai jan ƙafa huɗu sun koya mini cewa kowace karkarwa da saurinta, kuma saurin ne ke tona asalinta. Abubuwa uku ke juyawa: inji, tayoyi, da farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksil. A gudun kilomita 80 taya na juyawa kamar sau 9 a daƙiƙa, farfela kuwa ta ninka haka kusan sau 4. Don haka ciwon tayar gaba girgiza ce da hannu ke ji a sitiyari. Na farfela gurnani ne mai sauri daga ƙarƙashin kujera, har madubi ya dushe.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A ba mota wuta tana tsaye: in ta yi ɓari, laifin na inji ne ko robobin da yake zaune a kai. In sai tana gudu, a ɗaga ƙafa daga totur. Karkarwar da ta sauya nan take, musamman in akwai ƙarar "ƙwas" wajen tashi, tana nuni ga kuros, gaɓar da ke kowane bakin farfela. In kuwa sai an sa giyar ƙafa huɗu take bayyana, a duba farfelar gaba.

Kuros yana da wata ɗabi'a da masanin Ingila Robert Hooke ya nazarta tun ƙarni na 17: in ya karkata, yakan ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane juyi. Kuros na ɗaya bakin ne ke soke wannan, muddin kunnuwansu na kan layi ɗaya. Wani dattijon bakanike ya taɓa ce mini, "Alhaji, wanda ya kwance farfela bai sa mata alama da fenti ba, ya kwance wa kansa aiki." In aka mayar da ita a goce, sabon kuros ma zai yi ɓari.

Bayan damina, a shiga ƙarƙashi a duba. Ruwa da laka suna wanke giris, kuma jan ƙurar tsatsa a gefen kuros alama ce ya bushe. Kada a jinkirta. In na bakin giya ya tsinke ana gudu, farfela na iya faɗowa ta caki kwalta, mota kuwa cike da mutane da buhuna. Saboda haka, kafin a biya kuɗin taya, a ɗauki bakanike a fita da shi bayan ganuwa ya ji da jikinsa.