Makon Girbin Dawa a Ƙauyenmu

Asabar

Bayan sallar Asuba Liman ya ce kada kowa ya tashi. Dawar Gwaggo, matar marigayi ladaninmu, ta nuna har tsuntsaye sun fara yi mata ɓarna, ɗanta kuwa yana Legas wajen nema. Mai unguwa ya yanke a yi mata gayya ranar Alhamis, tunda ranar almajirai ba su da karatu. Aka ɗora mini sanar da samari, saboda ni ne mai zama da su a dandali.

Lahadi

Yau kasuwar Dambatta ke ci. Na kai tattabaruna 'yan shila na sayar, na sayo goro da sukarin da za a sa wa kunun masu gayya. Tun ina yaro nake kiwon tattabaru don sha'awa, ga shi yau sun ɗauke mini hidimar jama'a. A layin hatsi dillalai sai maganar Dawanau suke yi, don farashin can ne ke juya na nan. Wani ya matsa in sayar masa da wakena tun yana gona. Na ce masa sai na fitar da haƙƙin Allah tukuna.

Litinin

Da la'asar muka haɗu gindin gawo wajen dara. Gawon ya fara sabon ganye, shi da ya yi damina tsirara. Gurbi talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ni da tsinke, Kawu da tsakuwa. Ya jera uku ya cinye mini ɗa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ka faɗa wa yaran nan kuwa?" Na ce yanzu zan faɗa. Suka taso daga filin ƙwallo jiki duk ƙura, ana musun Kano Pillars. Da na ambaci sunan mai gonar sai musun ya tsaya. Kyaftin ɗinsu ya ce, "Baba, mijinta ne ya koya mana kiran salla. Ranar ba wasa."

Talata

Tsakanin Magariba da Isha'i Liman ya karantar da babin zakka a Risala. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa, shi ya sa iyayenmu ke ware dami ɗaya a kowane goma. Abin da aka wahala wajen ban ruwansa, kamar na masu jan ruwa da inji a bakin dam ɗin Thomas, rabin haka ne. Nisabi kuma sa'i 300. Kawu ya ba da labarin farin 1973, lokacin da rumbuna suka kwana wayam, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975. Ya ce a shekarun nan biyu gidan da ya samu kwano guda sai ya aika wa maƙwabci rabi. Samarin da ke bayan sahu sun kasa kunne sosai.

Laraba

Na share akurkin tattabaru, na zuba kashin a buhu don gonar albasa. A nan gona ba ta hutawa, gida na jingine da gida, iyaka na manne da iyaka, taki ne ke riƙe da ƙasar. Uwargida ta yini tana ɗinkin hula, maƙwabta suka shigo surfen geron gobe.

Alhamis

Kafin rana ta yi zafi mun cika gonar, hazon hunturu bai gama washewa ba. Masu magirbi suna gaba suna kwantar da kara, masu wuƙa na bi suna yanke kai, dattawa na ɗaurin dami. Kaura ce mai nauyi, ƙaiƙayinta ya cika mana wuya da hannu. Almajirai suka yi ta jigila zuwa bakin rumbu, wani ƙarami dami ya fi shi tsawo amma ya ƙi a karɓa masa. Mai shago ya kawo amalankensa, tela ya rufe shago ya zo. Da azahar aka kawo kunu da ɗanwake, muka yi salla a gefen gona.

Da aka gama ƙirga, Gwaggo ta ce a ware na zakka kafin a ɗora ko ɗaya a rumbu. Mai unguwa ya ce, "Gwaggo, ai ke ma kina cikin masu karɓa." Ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda ya kai nisabi, akwai wanda bai shuka ba." Ta sa aka kai gidan wani makaho da ke bayan masallaci. Ban taɓa jin karatun Talata ya shige ni kamar yau ba.

Juma'a

Jiki duk ciwo, amma raina fes. Bayan an sauko daga masallaci na biya na gaida marasa lafiya, da yamma na zauna zikirin Juma'a. Abin da makon nan ya tabbatar mini shi ne, wanda ba ya zama da mutane wajen wasa ba zai iya tara su wajen aiki ba. Da ba na zuwa gindin gawo, da ban san bakin da zan kira samarin nan da shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan Isha'i aka tayar da maganar famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace, mata na tafiya mai nisa ɗebo ruwa. Aka amince kowane magidanci ya kawo kwanon dawa a sayar a gyara. 'Yan ƙwallo suka ce su za su bi gida-gida su karɓa, ni kuma aka ba ni riƙon littafi. Gobe da hantsi za mu fara daga unguwar maƙera, in Allah ya kai mu.