Taragon Da Ba Ya Ɗaukar Fasinja

Tunda layi ya zo kaina, zan yi magana a kan abin da ke cinye mini dare, ko da yake na san wasu za su ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ina haɗa ƙananan jiragen ƙasa na roba, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur su yi tafiya da lantarki. A cikinsu ma ban damu da na fasinja ko na 'yan kasuwa ba. Waɗanda suka tafi da hankalina su ne jiragen da hukumar jirgin ƙasa ta Birtaniya ke ajiyewa don aikin kanta: masu auna dogo, masu duba wayar lantarki, masu gwajin birki, masu zuba tsakuwa a gindin layi. Ba a sayar da tikitinsu, kuma da yawansu sai dare ya raba suke fitowa.

Ma'aunin da nake aiki da shi ana kiransa OO, shi ne ya fi yawa a Ingila. Kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske tana komawa milimita 4, wato an rage girman sau 76. Taragon da tsawonsa ya haura ƙafa 64 sai ya dawo santimita 26, ka ɗauke shi da hannu ɗaya. Akwai wata 'yar ƙarya da ma'aunin ya gada tun asali. Faɗin dogon gaske milimita 1,435 ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna, don haka a ƙaramin ya kamata ya zama 18.83. Amma 16.5 ake amfani da shi, saboda a shekarun 1920 da 1930 injin lantarkin da ake da shi ya yi wa cikin ƙananan jiragen Ingila girma, sai aka ƙara girman jikin jirgin aka bar dogon yadda yake. Akwai masu tayar da jijiyar wuya a kan wannan, har su cire tayoyi su sake shimfiɗa dogo da hannunsu. Ni ban bi su can ba.

Tushen yawancin jiragen da nake kwaikwaya garin Derby ne. A can British Rail ta buɗe cibiyar bincikenta a 1964, a daidai lokacin da taragon kaya masu taya huɗu ke yawan sauka daga kan dogo idan gudu ya yi yawa. Wani injiniya, Alan Wickens, wanda ya fito daga harkar jiragen sama, shi da mutanensa suka zauna a kan matsalar. Tayar jirgin ƙasa ba a miƙe fuskarta take ba, tana da ɗan gangare, kuma wannan gangaren ne ke mayar da ita tsakiya idan ta karkata. Amma in gudu ya wuce wani mizani sai gyaran ya zarce, taragon ya riƙa kaɗawa hagu da dama har ya fice. Daga wannan binciken aka samu jirgin gwaji na APT-E, wanda ya yi gudun mil 152.3 a awa a watan Agustan 1975. Duk irin wannan aiki yana buƙatar taragon da za a cika da na'urori a zaunar da injiniyoyi a ciki, kuma hukumar ba ta cika ƙera sabo don wannan ba. Tsohon taragon fasinja take ɗauka, a fitar da kujeru, a toshe wasu tagogi, a huda sababbi, a saka janareta, a ba shi sabuwar lamba mai farawa da 975 ko 977. Na sashen bincike sai a shafa musu ja a wajen tagogi, shuɗi a ƙasa, da siririn farin layi a tsakani.

Nan ne daɗin abin yake a wurina. Kowane tarago ɗaya ne tilo a duniya, ba shi da ɗan uwa. Kamfanoni irin su Hornby da Bachmann suna kashe kuɗi mai yawa kafin su sassaƙa ƙarfen da za a zuba roba a ciki, don haka sun fi son abin da aka ƙera ɗaruruwansa. Wani lokaci sukan ɗauki taragon fasinja na yau da kullum su shafa masa rawaya su buga masa lambar na gwaji, tagoginsa na nan cif yadda suke. Daga nesa ya yi kama. Wanda yake son na ainihi sai ya yi abin da ma'aikatan Derby suka yi: ya samo tsohon tarago ya sa masa zarto.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne tarago mai lamba 975091, wanda ake kira Mentor. A farkon shekarun 1970 aka juya shi daga taragon fasinja samfurin Mark 1, mai ɗakin gadi da wurin kaya, ya koma mai duba wayar lantarkin da ke saman dogo. An yanke wani sashe na rufinsa aka saukar da shi ƙasa ya zama a shimfiɗe, aka ɗora masa hannun ƙarfen nan da ke shafar waya, aka yi 'yan tagogi a sama inda ma'aikaci zai zauna yana kallon yadda hannun ke gogar wayar. Ya shafe sama da shekara 40 yana wannan aiki, ya sauya fenti ya sauya na'urori, ya ga bayan hukumar da ta ƙera shi.

Kafin zarto ya taɓa komai, hotuna ake tarawa. Masu ɗaukar hoton jirgi galibi a tasha suke tsayawa ko a bakin layi, saboda haka gefen tarago ne ya cika ko'ina. Rufi kuwa sai wanda ya hau gada ya leƙo. Ga shi kuma a kan tebur rufin ne abin da ido ke fara sauka a kai, tunda daga sama kake kallo. Hoto ɗaya da aka ɗauka daga kan gada ya fi mini hamsin na tasha. Sannan gefen hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, dole a samu kowanne. Abu na uku shi ne shekara. Taragon gwaji ba ya zama yadda yake: bana an toshe taga, baɗi an ƙara kyamara a ƙasa, bayan shekara biyar an sauya ƙafafun gaba ɗaya. In ka haɗa rufin wannan zamani da fentin wancan, ka ƙera abin da bai taɓa wanzuwa ba. Don haka nakan zaɓi shekara ɗaya in rubuta ta a jikin kwalin aikin, duk hoton da ba na wannan lokacin ba in ajiye shi gefe komai kyansa. Wanda ya taɓa rubuta labarin da ya faru a 1985 sannan ya tsaya yana tunanin ko akwai abu kaza a kasuwa a lokacin, ya san irin wannan zaman.

Taragon da za a yanka ba sabo ake saya ba in ana da hankali. Tsofaffin na Lima, kamfanin Italiya da ya durƙushe Hornby ta saye sunansa, suna da araha a hannun 'yan gwanjo. Tsofaffin Mark 1 na Tri-ang kuma gefunansu a ware suke da rufi, ka kwance su ka shimfiɗa a tebur, ka yanko taga daga wannan ka dasa a wancan. Duk da haka hannu yakan yi nauyi a yankan farko, domin abu ne lafiyayye za ka ɓata da fatan zai dawo ya fi da. Wanda ya yi motar kara yana yaro ya san rabin aikin. Bambancin shi ne kara in ya karye ka je gona ka samo wani.

Toshe taga shi ne inda ake gane hannu. A jirgin gaske hanya biyu ake bi. Wani lokaci a yanka ƙarfe daidai ramin a yi walda a goge, har ba ka gane an taɓa yin taga a wurin. Wani lokaci kuma, musamman in ana sauri, a ɗora faranti a kai kawai, gefensa na nan a fili. A ƙaramin, na farko yana son a yanka roba ta shige ramin daram, a ɗiga gam mai narkar da roba, a bar shi ya kwana, a cike gefen da fila irin ta masu gyaran jikin mota, a bi da sanfefa mai laushi a jiƙe. Gefen Mark 1 a lanƙwashe yake kaɗan, in ka goge shi ya miƙe, haske zai tona maka asiri da zarar fenti ya hau. Na biyun kuma lissafi yake so. Milimita ɗaya a tebur daidai take da milimita 76 a jirgin gaske. In ka manna roba mai kaurin rabin milimita, ka ɗora wa taragon farantin ƙarfe mai kaurin milimita 38, abin da sai a jikin tankar yaƙi. Mafi sirantar da ake samu, wajen 0.13, ita ce ke kusa da gaskiya, kuma gam kaɗan ya yi yawa sai ta narke ta yamutse.

Fenti ba ni da dogon bayani a kansa, sai dai rawaya fitinanniya ce. Ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Sai an fara da fari, sannan a bi da ita sama-sama sau uku ko huɗu. Fentin farkon kuma shi ne alƙali, duk wani tabon da yatsa bai ji ba zai nuna shi, a koma ga sanfefa.

Rawayar nan ta Network Rail ce, kuma akwai jini a tarihinta. Ranar 17 ga Oktoban 2000, jirgin fasinja da ya taso daga Landan zuwa Leeds ya sauka daga layi a Hatfield, mutum huɗu suka rasu. Ƙarfen dogon ne ya farfashe a ƙarƙashinsa, saboda ƙananan tsagogi da nauyin tayoyi ya daɗe yana haifarwa a kafaɗarsa. Kamfanin Railtrack mai kula da layukan ya rasa sanin wuraren da ke da irin wannan ciwo, sai ya rage gudun jirage a ɗaruruwan wurare, harkar sufuri ta rikice wata da watanni. Bayan shekara guda kamfanin ya durƙushe, Network Rail ta karɓa a 2002. A 2003 aka fito da jirgin awo da aka haɗa daga jirgin fasinja mai sauri na HST, yana auna dogo yana gudun mil 125 a awa, don ya shiga tsakanin jiragen fasinja ba tare da ya tare musu hanya ba. Saboda launinsa mutane suka laƙaba masa ayaba mai tashi. Akwai kuma mai tafiya a hankali da dare, yana aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfen dogo, in akwai tsaga a ciki amsawar ta dawo daban. Idan ina manna 'yan akwatunan da ke rataye a ƙarƙashin irin wannan tarago, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, nakan so in san aikin kowanne. In ka san wannan kyamara ce mai kallon dogo, ba za ka manna ta tana kallon sama ba.

A cikin masu wannan sha'awa akwai rigimar da ba ta ƙarewa. Wasu suna ƙirga kan ƙusa, in taga ta goce da milimita ɗaya sun gani kuma sai sun faɗa. Wasu suna cewa tebur nawa ne, jirgi nawa ne, in na ga dama in ƙirƙiro taragon gwajin da Derby ba ta taɓa yi ba. Ni ina ganin ƙirƙira halal ce, da sharaɗin mai yin ta ya faɗa. Abin da ba na so shi ne a ɗauki lambar tarago na gaske a manna wa abin da bai yi kama da shi ba. Da yawa daga cikin waɗannan taragon an riga an yanka su an sayar da ƙarfen, kuma hoton ƙaramin yakan yi yawo a intanet fiye da na babban. Wani yaro zai gani ya kwafa, na bayansa ya kwafa daga gare shi.

Ba duka aikin ne mai nauyi haka ba. Taragon injiniyoyin gyaran layi sunayen halittun ruwa aka ba su, tun zamanin da ake aika saƙo ta wayar tangaraho ana son kalma ɗaya ta wadatar. Akwai Catfish, wato tarwaɗa, da Dogfish, duka masu zubar da tsakuwa ta ƙasa. Salmon dogo ne a shimfiɗe, shi ke ɗaukar ƙarafan layi. Shark taragon gadi ne mai garma a ƙasa, yana bi yana baje tsakuwar da aka zuba. Babban cikinsu ɗaya sunansa Seacow, dabbar da mu muke kira ayu. Waɗannan ana samunsu a kwali gunduwa-gunduwa ka haɗa da kanka, kuma ba sa son tsafta. Na gaske duka suke sha, ga lotsawa, ga tsatsa, ga ƙurar dutse, ga rubutun alli da ma'aikata suka bari. Sabon fenti mai sheƙi a jikin Dogfish shi ne babbar ƙarya. Nakan ɗumama bakin cokali in danna gefen daga ciki ya ɗan kumbura kamar an jibga masa kaya, in bi da ruwan fenti mai launin ƙasa in goge, ya maƙale a lunguna.

Wanda ke kan teburina yanzu tarago ne mai ɗakin direba a ƙarshensa, samfurin Mark 2. An ƙera irinsa a matsayin taragon fasinja, a 1979 aka fara yanka musu fuska aka saka musu wurin tuƙi don zirga-zirga tsakanin Glasgow da Edinburgh, daga baya suka koma layin Landan zuwa Norwich, sannan Network Rail ta ɗauki wasu ta shafa musu rawaya. Da shi ake tuƙa jirgin gwaji ta baya, kan jirgi samfurin 37, wanda aka ƙera tun farkon shekarun 1960, yana turowa daga ɗaya ƙarshen. Na gama toshe tagogin gefe ɗaya, na yanka ramin iskar janareta. Ɗaya gefen yana jiran fila ta bushe, kuma ba a taɓa ta sai ta kwana biyu, domin tana shanyewa ta ɗan lotsa bayan an ɗauka ta gama.