Kaji da rana, karnuka da dare

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, akwai wata mata wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya huɗu. Ba ta da saniya, ba ta da amalanke. Abin da ta mallaka ƴar gona ce da kaji. Kajin nan su ne asusunta. In sabulu ya ƙare, ta kai ƙwai kasuwa. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ta kama zakara ta saida, ta kai yaron gidan likita. In baƙo ya sauka, ba ta jin kunya. Mai garke yana iya raina kaza, amma mace irin wannan ta san darajarta.

Kazar gida ba ta da saurin riba. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta kwanta a kansu kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Bayan haka sai ƴan tsaki sun tsira daga shirwa, da muzuru, da ciwon kaji na lokacin sanyi. Kafin ɗan tsako ya isa kaiwa kasuwa, wata biyar ko shida sun wuce. Saboda haka wanda ya kashe kaza mai kwanci ya ɓata ma mai ita aikin rabin shekara.

Darni guda ya raba gidan matar nan da na maƙwabcinta. Shi mafarauci ne, yana da karnuka uku. Da rani yana fita daji da su, suna kama mashi zomo da kurege, su ma suna samun nasu rabo. Da damina ta faɗi, aikin gona ya ɗauke mashi hankali. Ba farauta, ba kuma mai tunawa da cikin karnuka. Kare mai yunwa kuwa bai san iyakar gidan ubangidansa ba. Dare da rana suna yawo cikin unguwa suna neman abin sawa a baki.

Wata asuba matar ta ji kaji suna kuka. Kafin ta fito an gama ɓarna. Kazarta mai kwanci, wadda saura kwana uku ta ƙyanƙyashe, tana yashe bayan rumbu. Tsohuwar tukunyar da take kwanci a ciki ta kife, ƙwai sun fashe. A gindin darni ga sabon rami, inda aka tona aka shigo.

Nan ta yi kuskure. Maimakon ta je da kanta, sai ta aiki ƙaramin ɗanta. Yaro ya tarar maigida ya tafi gona. Ya tsaya tsakar gida ya ce: «Inna ta ce karnukanku ɓarayi ne.» Matar mafaraucin ta mai da martani da murya sama, yadda za a ji ta bayan darni. Ita ma mai kaji ta rama. Kafin rana ta yi tsaka, unguwa duka ta ji.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma wannan saɓani ya yi tsada. Gaisuwar safe ta tsaya. Ba ɗibar wuta, ba aron turmi. Matan biyu, da ke tafiya rijiya tare, kowace ta sake hanya. Aka hana yara wasa da juna. Kuma kaka tana tafe, ga shi jakin mafaraucin ne ke kwaso ma matar nan dammunan hatsinta daga gona tun rasuwar mijinta.

Bayan mako guda karnuka suka komo. Wannan karo kaji biyu da zakara suka kashe. Da maraice babban ɗanta ya shigo da wata ƴar kwalba. Sauran maganin ƙwari ne na feshin wake. Ya ce: «Inna, bari in zuba shi cikin hanjin kazar nan, in ajiye bakin ramin. Gobe kowa ya huta.» Ta karɓi kwalbar ta ce: «Bari gari ya waye.»

Daren nan ba ta yi barci ba. Ta tuna guba ba ta zaɓen baki. Abin da aka ajiye ma kare, kazarta tana iya riga shi tsattsaga. In kare ya ci ya mutu bayan gari, ungulu za su sauka a kansa, su ma su mutu. Mushe guda mai guba yana iya kashe ungulu da yawa rana ɗaya, alhali su ne ke share ma gari mushe. Sa'an nan ta tuna da autan maƙwabcin, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Ta wata kafa ta darnin nan yake kutsowa wurinta, tana ba shi fura. Yaro kuwa duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. In abu ya same shi, maganar ta wuce ta kaji, ta zama ta jandarma, ta zama ƙiyayya har jikoki. Da gari ya waye ta ce ma ɗanta ya mai da kwalbar wurin kayan feshi, nesa da abinci, nesa da hannun yara.

Sai ta yi abin da ya kamata ta yi tun ranar farko. Ta kira ƙanen mijinta, dattijo ne, suka je da sassafe tun mafaraucin bai fita ba. Suka gaisa, aka tambayi kwanan iyali da aikin gona. Sa'an nan ta ce: «Ɗana, ba faɗa ya kawo ni ba. Kaji huɗu na rasa cikin kwana takwas.» Ya ce: «Inna, wa ya ga karnukana? Garin nan cike yake da muzuru.»

Dattijon ya ce ya zo ya gani da idonsa. An yi ruwa da dare, ƙasa tana da laushi, sau ya fito sarai. Ga abin da ya kamata kowane mai kaji ya sani kafin ya tuhumi maƙwabci. Sawun kare yana nuna farce a gaban kowane yatsa. Muzuru yana ɓoye farcensa in yana tafiya, saboda haka sawunsa ba farce. Muzuru yakan ɗauki kaza guda ya tafi da ita ya ci. Kare yakan bi kaji da gudu, ya kashe biyu ko uku, ya bar su warwatse. Shirwa kuwa da rana take zuwa, ƴan tsaki take sura. Mafarauci ya fi kowa sanin sau. Ya duba, ya yi shiru. Amma da aka zo maganar biya sai ya ce: «Baba, dabba ba ta da hankali.» Dattijon ya ce: «Shi ya sa take da mai ita.»

Ba su daidaita ba, sai suka tafi wurin mai gari. Wannan ita ce hanyar da ta dace. A Nijar doka ta ba sarakunan gargajiya da masu gari ikon sasanta mutane. Dokar karkara ta 1993 ma ta ce rigimar da ta tashi tsakanin manoma ko makiyaya, a fara neman sulhu wurinsu kafin a kai ta gaban alƙali. In an sasanta, akan rubuta abin da aka yarda da shi a takarda.

Mai gari ya saurari mai kaji. Ya saurari mai karnuka. Sa'an nan ya tambaya ko akwai mai sauran magana. Matar mafaraucin ta ce: «Ranka shi daɗe, ni ma ina da tawa. Shekara uku ke nan kajin Inna suna cin shanyata. In na wanke hatsi na baza a tabarma, sai na sa yarinya tsaro. Bana sau biyu ina shuka kuɓewa bayan ɗaki, sau biyu suna tone ta. Ban taɓa magana ba, don ita babba ce.»

Mai kaji ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa lissafa wannan ba. Kullum da safe tana sakin kajinta, tana murna sun komo da ciki cike. Ba ta taɓa tambayar a gidan wa suka ƙoshi ba. Mai gari ya ce: «To, kun ji. Gida biyu, kowane ya saki dabbarsa, kowane kuma dabbar maƙwabci yake gani.»

Ga yadda aka sasanta. Mafaraucin zai ba da kaji biyu daga cikin huɗun da aka rasa, ita kuma ta yafe biyu a madadin kuɓewa da shanya. Zai ɗaure karnukansa a inuwa tun asuba, da ruwa a kasko, ya riƙa ba su sauran tuwo da dusa. Ba zai sake su ba sai bayan isha'i. Ita kuma za ta rufe kajinta tun magariba, ba za su ƙara kwana ƙarƙashin rumbu ko bisa itace ba. Ranar da maƙwabciya za ta yi shanya, ta aiko a sanar, a tsare kaji a gida har ta kwashe. Darni kuwa na gida biyu ne, gida biyu za su gyara shi. Wani ɗan makaranta ya rubuta, kowa ya sa yatsa.

A ranar suka cike ramin, suka jera ƙaya a gindin darni, don kare ta ƙasa yake tonawa. Kaji suka riƙa kwana cikin ɗakin girki kafin ruwa ya ɗauke. Bayan kaka aka sake darnin da sabon kara, aka ɗaure shi da ƙarfi. Ɗanta da mafaraucin suka kwaɓa ƙasa suka gina akurki a wuri mai tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Suka bar ƴan ƙananan kafofi daga sama don iska, waɗanda muzuru ba ya iya shiga. Suka yi ƙyaure na katako, wanda ake tokarewa da dutse. Cikinsa aka baza toka saboda ƙwarin kaji, ana sharewa ana sakewa. Kashin kajin da aka share yana tafiya gona, taki ne mai kyau.

Kafin sanyi ya sauka, wani ma'aikacin kiwo ya zo ƙauyen don yi ma kaji rigakafin ciwon nan da ke share su lokacin hunturu, wanda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal. Ya ga karnuka uku a ɗaure, ya tambayi mai su ko an taɓa yi masu allura. Ba a taɓa ba. Ya zauna ya yi ma mutane bayani. Karen da ke yawo yana faɗa da karnukan da ba a san su ba, a nan yake ɗauko ciwon hauka. In ya kawo shi gida, ɗiyan ubangidansa ne mafi kusa da bakinsa.

Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan duka ta wurin kare suke kamuwa, kuma kamar 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yana shiga ta miyau, in kare ya ciji mutum ko ya lashi rauni. Yana iya yin wata biyu ko uku a jiki bai nuna ba. In ya nuna, magani ya ƙare. Amma akwai allurar da ke tare shi in an yi ta da wuri. Tun 1885 wani masani na Faransa, Luwi Paster, ya fara yin ta ga wani yaro ɗan shekara 9 da kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu.

Saboda haka in kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har minti 15. Kar a tsaya sa magani na gida. A tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Karen kuma a tsare shi, a sanar da ma'aikatan kiwo. In aka yi ma kare 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Mafaraucin ya ji wannan, ya dubi autansa da ke wasa kusa da karya. Bai yi gardama ba. Ranar kasuwa ya kai su ukun aka yi masu.

Ba a ce komi ya tafi daidai tun daga ranar ba. Sau ɗaya ƙaramin karen ya tsinke igiya da hantsi, ya kori kaji har cikin ɗaki. Matar ba ta aiki yaro ba. Ta ɗauki mayafinta ta je da kanta, ta yi sallama, ta faɗi abin da ya faru. Kafin azahar an sake igiya. Sau ɗaya kuma ita ta manta ranar shanya, kaji suka ci rabin tiya. Ta auna tiya cike ta aika.

Da kaka, jakin maƙwabci ne ya kwaso mata dammunanta kamar kullum. Ɗaya daga cikin kajin da ya biya ta kwanta cikin sabon akurki, ta fito da ƴan tsaki tara. Bakwai suka rayu. Da suka tasa, matar ta zaɓi mace guda ta ba autan maƙwabcin, ta ce tashi ce. Yanzu da dare in an rufe akurki, karnukan nan uku ne ke zagaya gidajen biyu, kuma tun sa'an nan muzuru bai ƙara ɗaukar kaza a unguwar ba.

Allah ya ba manoma da makiyaya zaman lafiya da maƙwabtansu.